Hawan sandar tozaye: tarihin tsarin bawul cikin inji, daga Otto zuwa garejojin Nijar

1. Gabatarwa

A ranakun 25 da 26 ga watan Yuni na shekarar 1912 aka yi babban tseren motoci na ƙasar Faransa a kewayen garin Dieppe. Motar da ta zo ta fari ita ce Peugeot L76, Georges Boillot ne ke tuƙa ta. Injinta lita 7,6 ne, alhali na Fiat ɗin da ta bi mata ya haura lita 14. Abin da ya ba ƙaramin inji galaba bisa babba shi ne yadda aka tsara numfashinsa: bawul huɗu ga kowace silinda, da sanduna biyu masu buɗe su, an ɗora su can bisa kan injin. Wanda ya ɗaga murfin gaban ƙaramar Toyota ta zamanin nan, kusan wannan tsari zai tarar.

To amma wannan kamfani na Peugeot, shekara 50 da 60 bayan nasarar Dieppe, motocin da ya cika hanyoyin Nijar da su, wato 404 da 504 irin waɗanda muka sani, sandarsu guda ɗaya ce, tana ƙasa cikin gangar jikin injin, tana tura bawul daga nesa. Mai kallon tarihin fasaha kamar tsani, kowace shekara an taka mataki ɗaya sama, zai rasa yadda zai fassara wannan. Ra'ayinmu cikin wannan maƙala shi ne, tun kafin yaƙin duniya na farko injiniyoyi sun riga sun san duk wuraren da za a iya ajiye bawul da sandar da ke motsa shi. Abin da ya riƙa zaɓa tsakaninsu daga baya ba sabon sani ba ne. Ingancin man fetur ne, da haraji, da tsadar ƙira, da kuma tambayar wane ne zai gyara injin, da wane irin kayan aiki.

Sai mu daidaita kalmomi tukuna. Abin da Faransanci ke kira soupape, kanikawan Nijar na cewa supap, na Tarayyar Nijeriya na cewa bawul. Mun ɗauki bawul domin shi ya riga ya shiga ƙamus. Ga arbre à cames mun ce sandar tozaye, saboda sanda ce ta ƙarfe mai ƙusumbi jere bisa jikinta kamar tozon sa. Vilebrequin shi ne karanshaf, culasse kuwa kan inji. Tige de culbuteur mun ce masa tsinke, shi culbuteur ɗin mun ce masa lilo, tun da aikinsa ke nan: gefe ɗaya ya tashi, ɗayan ya sauka.

2. Matsalar da ake son warwarewa

Inji mai bugu huɗu yana shaƙa, ya matsa, ya ƙona, ya fitar. Bafaranshe Alphonse Beau de Rochas ya bayyana wannan zagaye a rubuce cikin 1862, Nikolaus Otto kuma ya ƙera injin da ke aiki da shi cikin 1876 a masana'antar Deutz, kusa da birnin Kolon na Jamus. Kafin zagayen ya cika sai karanshaf ya juya sau biyu, amma kowane bawul sau ɗaya yake buɗewa. Saboda haka dole sandar tozaye ta juya da rabin saurin karanshaf, kuma kada ta kuskure masa ko da haƙori ɗaya. Wannan doka ba ta sake ba tun daga Otto.

Aikin ba ƙarami ba ne. In inji yana juyi 3000 a minti, kowane bawul zai buɗe ya rufe sau 25 cikin daƙiƙa guda, kuma bawul ɗin fitar da hayaƙi yana iya kaiwa digiri 700 ko fiye na zafi. Tozo ne ke buɗe shi, sifirin ne ke mayar da shi. In ƙarafan da ke tsakanin tozo da bawul sun yi yawa ko sun yi nauyi, a babban gudu sifirin ba ya iya mayar da su kan lokaci, sai bawul ya riƙa shawagi, ƙarfi ya zube. Daga nan ne duk gardamar ta taso. In an kusanto da sanda kusa da karanshaf, juya ta da shafa mata mai sun yi sauƙi, amma ta yi nisa da inda ya kamata bawul ya zauna. In an kai ta bisa kai, bawul ya ji daɗi, amma da me za a juya ta?

3. Daga bawul mai buɗe kansa zuwa bawul na gefe

Injin Otto na farko juyi 180 kawai yake yi a minti, kuma ƙofar shigar iskarsa zamewa take yi, gadon injin tururi. Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach, waɗanda suka bar Deutz cikin 1882, su suka ƙanƙanta inji har ya shiga keke da karusa. A injinansu, da na De Dion-Bouton da ya kai juyi 1500 wajen 1895, tozo ɗaya ya isa: na bawul ɗin hayaƙi. Bawul ɗin shiga kuwa an sa masa sifirin mai laushi, zuƙar fistin ce ke buɗe shi. Dabara ce mai arha, sai dai bawul ɗin yana buɗewa a makare, ya rufe yadda ya ga dama, kuma in sifirin ya gaji injin ya sake hali. Mercedes mai ƙarfin doki 35 da Maybach ya zana, wadda ta yi fice a tseren Nice cikin Maris 1901, ta sa bawul ɗin shiga shi ma ƙarƙashin ikon tozo. Sanduna biyu aka sa, ɗaya kowane gefen karanshaf, bawul na shiga a gefe ɗaya, na fita a ɗayan.

Ba da jimawa ba aka ga sanda ɗaya ta isa in an jera bawul duka a gefe guda, kawunansu na kallon sama, kusa da silinda. Wannan shi ne tsarin soupapes latérales, wato bawul na gefe, kuma shi ya mulki hanyoyin duniya kusan shekara 40. Ford T, wadda aka ƙera wajen miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927, da shi take: lita 2,9, doki 20, matsi wajen 4 bisa 1. Kan injinta faranti ne kawai na ƙarfe mai hanyar ruwa da ramin buji. Ba abin da ke motsi cikinsa, saboda haka ba ya bukatar mai. Injin ma ba ya da famfon mai, fantsama kawai ake yi. In bawul ya karye ba ya faɗawa bisa fistin. Manomi da sifana biyu yana iya cire kan, ya kankare baƙin da ya taru, ya mayar kafin azahar.

Aibin tsarin sananne ne. Ɗakin ƙuna ya zama shimfiɗaɗɗe, ya zarce gefe, iska sai ta yi kwana biyu kafin ta shiga silinda, kuma in an so ƙara matsi ta hanyar rage rufin ɗakin, an shaƙe hanyar iskar ke nan. Sai dai a shekarun 1910 da 1920 wannan aibi bai cika ciwo ba, domin man fetur na lokacin ba ya jure matsi: da an haura 4 ko 5 bisa 1 sai ya kama da kansa kafin lokaci, injin ya riƙa ƙwanƙwasa. Inji mai kyakkyawan ɗakin ƙuna a wancan zamani kamar ingarman doki ne da aka ɗaure wa dabaibayi. Bugu da ƙari, cikin 1919 Baturen Ingila Harry Ricardo ya fito da wani fasali na kan inji wanda ke sa iska ta murɗa da ƙarfi lokacin matsi, wuta ta gama ci da sauri. Wannan gyara ya ƙara wa bawul na gefe shekaru masu yawa: V8 na Ford ya fito da shi cikin 1932, Jeep na yaƙin duniya na biyu da shi ya yi yaƙin.

Ba kowa ya yarda da bawul ɗin kansa ba ma. Ba'amurke Charles Knight ya maye gurbinsa da hannuwan riga biyu na ƙarfe masu zamewa tsakanin fistin da silinda; Daimler ta Ingila ta karɓa cikin 1908, Panhard ta Faransa kuma ta riƙa sayar da motocinta na sans soupapes har zuwa yaƙi na biyu. Shiru gare su, amma shan baƙin mai da hayaƙi sun kashe musu kasuwa.

4. Dieppe da abin da ya biyo baya

Bawul a bisa kai, da sanda a ƙasa da tsinkaye tsakani, ya shiga kasuwa da motar Buick cikin 1904. A daidai waɗannan shekaru Maudslay ta Ingila ta riga ta ɗora sandar kanta bisa kai. Abin da Peugeot ta yi cikin 1912 shi ne haɗa abubuwan da ke warwatse. Direbobin tsere uku, Boillot da Jules Goux da Paolo Zuccarelli, tare da wani mai zane ɗan ƙasar Suwis, Ernest Henry, suka sami izini su yi aiki a keɓe, nesa da manyan injiniyoyin kamfanin. Su waɗannan injiniyoyi, don raini, suka laƙaba musu les Charlatans, kalmar da mu a nan muka fi ji da ma'anar boka. Bokayen suka karkata bawul kamar rufin ɗaki mai jinka biyu, suka sa buji a tsakiya, suka ba bawul na shiga sandarsu, na fita tasu. Dalilin bawul huɗu maimakon biyu lissafi ne: ƙanana biyu sun fi babba ɗaya ba da hanya cikin da'ira guda, sun fi sauƙin nauyi, sun fi saurin huce zafi.

Cikin 1913 Goux ya ci tseren Indianapolis na Amurka da Peugeot. Ɗaya daga cikin motocin da suka saura can ta lalace, aka kai injinta shagon Harry Miller a Los Angeles, inda Fred Offenhauser ya warware shi ƙusa-ƙusa. Zuriyar wannan inji, da sunan Offenhauser, ta ci Indianapolis sau 27, na ƙarshe cikin 1976. A sama kuma, injin jirgin Hispano-Suiza V8 na Marc Birkigt, mai sanda ɗaya bisa kowane kai, an ƙera shi dubun dubbai lokacin yaƙin 1914–1918, a Faransa da wajenta.

A nan ne labarin da muka fi so cikin wannan tarihi yake, domin yana rushe tsanin da muka ambata. Kamfanin Wolseley na Ingila yana cikin waɗanda suka ƙera injin Hispano-Suiza da lasisi, kuma bayan yaƙi ya sa darasin cikin motocinsa. William Morris ya sayi Wolseley cikin 1927, shekara ɗaya bayan haka ya fito da ƙaramar Morris Minor mai sanda bisa kai. Sandar tsaye ce ke kai juyi daga ƙasa zuwa sama, kuma don tsimi aka sa ta ratsa ta cikin dinamo. Mai ya riƙa tsiyaya daga kai yana shiga dinamo, ƙirar kuma ta yi tsada. Cikin 1931 Morris ya sauko da sandar, ya koma bawul na gefe, ya sayar da motar fam 100. Ta fuskar fasaha baya aka koma, ta fuskar ciniki kuwa gaba aka yi.

Haraji ma ya sa hannu. Daga 1921 gwamnatin Ingila ta riƙa karɓar fam ɗaya kowace shekara bisa kowane "doki", amma dokin haraji ana lissafa shi ne da faɗin silinda da yawansu, ba a duba tsawon tafiyar fistin. Ford T mai faɗin silinda ta riƙa biyan fam 23, Austin 7 fam 8. Masu ƙira suka koma yin silinda matsattsiya mai zurfi kamar rijiya. Silinda matsattsiya ba ta da filin manyan bawul a bisanta, kuma fistin mai doguwar tafiya ba ya son babban gudu. Ke nan amfanin ɗora sanda bisa kai ya ragu ƙwarai. Sai cikin 1947 aka soke wannan lissafi, silinda ta fara faɗi.

5. Zamanin tsinke

Abin da ya kashe bawul na gefe daga matatar mai ya fito. Cikin 1921 Thomas Midgley na General Motors ya gano cewa ɗan sinadarin dalma cikin fetur yana hana ƙwanƙwasa. Illar wannan dalma ga lafiyar mutane ta sa aka yi ta hana shi daga baya, ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka bar shi a farkon 2006, Aljeriya kuma, ta ƙarshe a duniya, cikin 2021. Bafaranshe Eugène Houdry ya kawo sabuwar hanyar tace mai wadda ta fara aiki a Amurka cikin 1937, yaƙi kuma ya sa aka gina matatu masu yawa domin jiragen sama. Da aka gama yaƙi, man ya sauko kan titi. Cikin 1949 Cadillac da Oldsmobile suka fito da V8 masu bawul bisa kai da matsi fiye da 7 bisa 1. Kafin ƙarshen shekarun 1950 wasu sun haura 10. Bawul na gefe ba ya iya bin wannan sawu. Ford ta bar shi a Amurka bayan 1953, ko da yake a Faransa V8 ɗin ya ci gaba da rayuwa cikin Simca Vedette da manyan motocin soja.

Abin lura shi ne, bawul ya hau, sanda ba ta hau ba. Ga inji mai siffar V, sanda ɗaya a tsakiyar kwarin tana hidimar ɓangarorin biyu, gajeriyar sarƙa ta ishe ta, injin ya fito gajere, mara nauyi, mai arha. Ƙaramin V8 na Chevrolet da ya fito cikin 1955 bisa wannan tsari ya haura miliyan 100 cikin 2011.

Ita ma Peugeot nan ta tsaya. Motar 203 ta 1948, lita 1,3, tana da kan inji na alminiyam mai ɗakin ƙuna kamar ƙwarya a kife, bawul a karkace suna fuskantar juna, wato rabin darasin 1912. Amma sanda ɗaya ce a ƙasa, tsinkaye da lilo ke kai saƙo. Wannan gida ne ya haifi 403 cikin 1955, da 404 cikin 1960 mai lita 1,6 da injin da aka kwantar gefe, da 504 cikin 1968. Ba rashin sani ba ne: cikin 1965 kamfanin ya ba ƙaramar 204 sanda bisa kai. Manyan motocinsa ne ya bari da tsinke, kuma su ne suka yi suna a Afirka. 404 ta ci tseren Safari na Afirka ta Gabas cikin 1963, 1966, 1967 da 1968, masana'antar Kaduna kuma ta buɗe cikin 1975, ta ci gaba da haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, da daɗewa bayan Faransa ta bari.

Me ya sa wannan inji ya dace da hanyar Damagaram zuwa Kano, ko ta Tawa zuwa Agadas kafin kwalta? Amsar tana hannun bakanike. In inji ya yi zafi gasket ɗin kai ya ƙone, abin da ke faruwa kullum cikin bazara, mai gyara zai cire lilo, ya zare tsinkaye takwas, ya ɗaga kai, ba tare da ya taɓa daidaiton sanda da karanshaf ba, domin sarƙar tana can ƙasa cikin rufinta, tana wanka da mai. Tazarar bawul, wadda ba ta kai rabin milimita ba, da sifana da sukudireba da ɗan ma'auni ake daidaita ta, ƙarƙashin inuwar bedi. Silinda kuma riguna ne da ake zarewa a sa sabbi, chemises a bakin masu sana'ar. Injin ba ya son gudu fiye da kima, amma motar haya mai ɗauke da mutum tara da buhunan gero ba gudun inji take nema ba, ja take nema tun daga ƙasa. Haka abin yake ga Land Cruiser: injin fetur na F da magadansa, da dizal na 2H na 1980, duka masu tsinke ne.

6. Bel mai haƙora da dawowar bawul huɗu

Sanda biyu bisa kai ba ta ɓace ba a tsawon wannan lokaci. Jaguar ta sa ta cikin 1948, Alfa Romeo Giulietta cikin 1954. Motocin masu hali ne. Abin da ya hana ta sauka ga talaka shi ne tsadar abin juya ta: sandar tsaye da fayafai masu haƙora suna son ƙira mai tsanani, doguwar sarƙa kuma tana ƙara, tana miƙewa. Maganin daga masana'antar roba ya zo. Cikin 1962 ƙaramin kamfanin Glas na Jamus ya juya sandarsa da bel mai haƙora, na roba da zare. Cikin 1966 Aurelio Lampredi ya yi wa Fiat 124 inji mai sanda biyu da irin wannan bel. Ba ya son mai, ba ya ƙara, kuɗinsa kaɗan. Matsalar da ta kayar da Morris cikin 1931 ta warware.

Bawul huɗu kuwa tseren motoci ne ya sake tono shi. Baburan tsere na Honda sun yi amfani da shi tun farkon shekarun 1960, sa'an nan cikin 1967 Keith Duckworth ya fito da injin Cosworth DFV, inda ya matso da bawul kusa da tsaye, ɗakin ƙuna ya tsuke, wuta ta ci da sauri. Injin ya ci manyan tsere 155. Amma abin da ya kai tsarin cikin motar kowa ba kofi ba ne, doka ce da tsadar mai: dokar tsabtar iska ta Amurka ta 1970, tashin farashin mai na 1973, ƙa'idar hayaƙi ta Turai ta 1992. Ɗakin ƙuna ƙarami mai buji a tsakiya yana ƙone mai sosai, ya rage dafin hayaƙi, ya ba ƙaramin inji ƙarfin babba. Daga tsakiyar shekarun 1980 Toyota ta fara sa bawul 16 cikin motocin gida na yau da kullum, Peugeot kuma ta dawo ga gadonta da 405 Mi16 cikin 1987, shekara 75 bayan Dieppe. Da sanda biyu a sama, an kuma sami damar sauya lokacin buɗe bawul inji na tafiya: Alfa Romeo cikin 1980, VTEC na Honda cikin 1989. Matsin baƙin mai ne ke motsa waɗannan na'urori, ta ƙananan hanyoyi da datti kaɗan ke toshewa.

7. Inda aka koma ga tsinke da gangan

Akwai wani misali da ya shafe mu kai tsaye. Cikin 1974 Honda ta aika injiniyoyi ƙasashen kudu maso gabashin Asiya su gano abin da ya sa ƙananan baburanta masu sanda bisa kai ba su karɓuwa. Suka tarar ana lafta wa babur mutane da kaya, ba a juyen baƙin mai sai ya zama kamar kwalta, ba a wanke matatar iska. Kan inji shi ne wuri mafi nisa daga famfon mai, kuma sandar tana juyawa ne bisa alminiyam ɗin kan. Da mai ya ƙazanta ko ya ragu, can ɓarna ke farawa, sanda ta ci kai, gyara ya fi ƙarfin mai babur. Amsar Honda ita ce CG125 ta 1975. Aka sauko da sandar kusa da karanshaf inda mai ke taruwa, aka juya ta da haƙoran ƙarfe ba sarƙa ba, aka bar mata tozo guda ɗaya tak wanda ke buɗe bawul biyun ta gajerun tsinkaye. Kamfanin da ya fi kowa gwaninta da sanda bisa kai shi ya sauko da ita, bayan ya je ya ga masu sayen. An fara ƙera CG a Barazil cikin 1976, daga baya masana'antun ƙasar Sin suka kwafe injin, kuma da yawa daga cikin baburan kabu-kabu na Maraɗi da Damagaram jikokinsa ne. Ƙananan injinan ban ruwa na lambunan albasa su ma masu tsinke ne, bisa samfurin Honda GX na 1983, wanda ya kori bawul na gefe daga maɓoyarsa ta ƙarshe.

Motoci kuwa hanyarsu dabam. Tsofaffin motocin Turai da na Japon da suka riƙa shigowa ta tashoshin Kwatano da Lome daga shekarun 1990, irin su Starlet da Corolla da suka zama tasi a Yamai, da bel suka zo. Land Cruiser ma ta sami dizal na 1HZ cikin 1990, lita 4,2, sanda bisa kai, bel mai haƙora. Sun fi 504 tsimin mai nesa ba kusa ba, wannan ba a gardama. Sai dai sun zo da wani sharaɗi da garejin zamanin 404 bai saba da shi ba. Sarƙa in ta tsufa tana ƙara, ta yi wa mai mota kashedi wata da watanni. Bel shiru yake har ranar da zai tsinke, shi ya sa masu ƙira ke cewa a sake shi bayan adadin kilomita, sau da yawa tsakanin dubu 60 da dubu 150, ko bayan ƴan shekaru, tun da zafi da ƙura suna cin roba ko mota na ajiye. Motar da ta sauka daga jirgin ruwa ba takardar tarihin gyara, agogon kilomitarta kuma wataƙila an taɓa shi, ba wanda ya san shekarun bel ɗinta. Faɗuwar darajar kuɗin sefa cikin Janairu 1994 ta ninka farashin kayan gyara na asali, ta buɗe ƙofa ga na jabu. A injinan da bawul da fistin ke raba fili ɗaya, kowa da lokacinsa, kamar dukan injinan dizal masu bel da yawancin masu bawul 16, in bel ya tsinke sanda ta tsaya da wasu bawul a buɗe, karanshaf kuwa bai tsaya ba, fistin ya taso ya same su. Bel ɗin ƴan jikkuna ya jawo sayen bawul, wani lokaci da kan inji ɗungum, kuma in abin ya faru tsakanin Tanut da Agadas, sai a jira motar da za ta ja.